Godiya ga duk wanda ya tsaya mini a jinyar ciwon baya

Assalamu alaikum. Jiya na yi sallar Juma'a a tsaye, da ruku'u da sujada, karon farko cikin mako bakwai. Alhamdulillahi.

Ga wanda bai ji ba: likita ne ya ce jinina ya hau, in rage teɓa, in fara motsa jiki. Ni kuma, ɗan shekara 46 da rabona da gudu tun ƙwallon sakandare, na shiga wani gidan motsa jiki, na ga samari na ɗaga ƙarfe, na ce ni ma. Ban ɗumama jiki ba, ban tambayi kowa ba. Na sunkuya ƙafafu a miƙe na fizgo kilo 40, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙugu. A adaidaita sahu aka maido ni gida.

Uwargida, wadda har takalmi ita ke sa mini, Allah ya saka miki da Aljanna. Ƙanena da ya riƙe shago a Kantin Kwari, maƙwabta, da ma'aikatan gashi na asibiti, na gode. Masu cewa a kira wanzami ya yi ƙaho ko a nemo mai ɗori, na san ƙauna ce, amma an duba, tsoka ce, ba karaya ba.

Sai Koci, wato mai horar da motsa jiki. Da a zatona aikinsu ihu ne da ƙirga ɗaya, biyu, uku. Bawan Allahn nan ƙin taɓa ni ya yi sai da na kawo takardar likita. Makon farko tafiya kawai ya sa ni, minti goma a Filin Sukuwa bayan asuba, yana gefena yana ja na da hira. Ashe gwaji ne. Ya ce, "Alhaji, in kana tafiya magana ta gagare ka, sauri ya yi yawa." Da sandar shara ya koya mini ɗaukar kaya: a lanƙwasa gwiwa, a tura ƙugu baya, baya a miƙe, kaya dab da jiki. Ya hana ni riƙe numfashi in ina yunƙuri, domin yana ƙara hawan jini. Ya bambance mini tsamin jiki da ke zuwa washegari da zafi mai suka, wanda in an ji shi a tsaya nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ni yanzu ina 90, kuma Koci ya ce kada in yi gaggawa. Malam, Allah ya yi wa sana'arka albarka.

'Yan majalisarmu ta hira da suka laƙaba mini "Sarkin Ƙarfe", na ji, na kuma yafe. Mai son ya raka ni, Litinin ƙarfe shida da rabi na safe muna Filin Sukuwa. A zo da ruwan sha.