Ɗaukaka ƙara a Kumasi idan lauya ya yi sakaci

Ni na tsaya wa ƙanena lokacin da kotun sakit, wato kotun da ke ƙasa da babbar kotu, ta same shi da laifin bibiyar tsohuwar budurwarsa da yawan kira. A Ghana irin wannan tuhuma kan zo ƙarƙashin dokar hana cin zarafi a gida ta 2007, doka mai lamba 732, kuma hukuncinta na iya kaiwa ɗaurin shekara 2 ko tara, ko duka biyun. Lauyansa na farko bai taɓuka komai ba, shi ya sa muka nufi babbar kotu da ke unguwar Adum a Kumasi.

Wa'adi ne farkon abin da ke kayar da mutane. Wata ɗaya doka ta bayar daga ranar hukunci a shigar da takardar ɗaukaka ƙara. In ya wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci da hujja mai ƙarfi. Mutanenmu na zango kan cinye watan nan wajen aika dattawa gidan yarinya neman sulhu, alhali hukunci ya riga ya fito. Kada ma a je. Ita ce mai ƙara, tana da haƙƙin a bar ta ta huta, kuma kowane aike zai iya zama sabuwar hujjar bibiya.

Daga nan sai kundin shari'a. A nema a rubuce wurin magatakardan kotun, a biya, a riƙe rasit, a dinga leƙawa, don buga shi na jan lokaci. Alƙalin sama bai ga abin da ya faru ba, abin da ke takarda kawai yake karantawa. Cewa "lauya ya cuce mu" ba ta motsa shi. Sabon lauyanmu ya bi kundin shafi-shafi da jan biro: ranar da mai ƙara ta ba da shaida, tambaya biyu kacal aka yi mata, ba a nemi takardun da masu gabatar da ƙara suka dogara da su ba, ko da yake tun 2018 kotun ƙoli ta tabbatar cewa wanda ake tuhuma yana da haƙƙin ganinsu, hotunan saƙonnin WhatsApp sun shiga ba tare da an tambayi lambar wa ce ba.

Nan ne wurin wuya. Sakacin kaɗai bai isa ba. Sashe na 31 na dokar kotuna ta 1993 ya ba kotu damar korar ƙara in ta ga ba a tauye adalci sosai ba, ko da an yi kuskure. Dole a nuna cewa da an yi tambayar nan, da sakamako zai iya canzawa. Mun ɗora hujjarmu kan sashe na 19 na kundin tsarin mulkin 1992, wanda ya ba mutum isasshen lokacin shirya kariya da damar yi wa shaidu tambaya. Duk abin da ya yi kama da dabarar lauya, kamar ƙin kiran wani shaida da gangan, mun bar shi, don kotu ba ta cika tsoma baki a nan ba.

Beli kafin a saurari ƙarar ba ya zuwa da kansa, roƙo ne daban. A hukunci gajere, hujja mafi ƙarfi ita ce mutum zai iya gama zaman kafin a kai ga ƙararsa.

A ƙarar ƙanena, babbar kotu ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'ar daga farko. Wanda ba shi da kuɗin sabon lauya ya je hukumar taimakon shari'a. Koke a kan tsohon lauya kuwa majalisar kula da lauyoyi ta ƙasa ake kai wa, kuma ba ya tsayar da wa'adin wata ɗaya.