Takardar da aka sa Hajiya a ciki

Mun bar Gombe zuwa Kolombus ta jihar Ohayo a Amurka ɗana yana goye. Sanyi da kaɗaici na saba da su a hankali. Abin da ya hana ni barci shi ne yaron: ya kusa shekara biyu bai ce "Mama" ba, in yana son ruwa sai ya ja zanina yana kuka.

Na kira Hajiya, kakar yaron, a unguwar Jekadafari a Gombe. Ta ce, "Ke dai ki yi haƙuri, nauyin baki ne. Kawunsa ma sai da ya shekara huɗu." Da zuciya ɗaya ta faɗa, haka ake faɗa a gida. Likitan yara kuwa bai yarda a jira ba, ya tura mu shirin tallafa wa yara 'yan ƙasa da shekara 3, wanda dokar tarayya ta ilimin yara masu buƙata ta musamman, IDEA, ta tanada. Cikin kwana 45 daga ranar da aka tura yaro shirin, dole a gwada shi, in ya cancanta a zauna da iyayensa a rubuta masa tsari nasa shi kaɗai, IFSP. Gwajin kyauta ne, har tafinta aka haɗa mu da shi ta waya.

Mata biyu suka zo gida, suka tuɓe takalma, suka zauna a kan darduma. Na zaci jerin magunguna za su ba ni. Sai ɗaya ta tambaye ni lokacin da ya fi ba ni wuya a yini. Na ce lokacin cin abinci. Shi aka rubuta: nan da wata shida ya iya nuna ko furta abin da yake so in an zauna ci. Mai koyar da magana ta nuna mini in ɗaga kofin kunu kusa da bakina, in ce "kunu", in yi shiru in jira shi, kada in yi saurin miƙa masa. Jiran nan akwai wuya ga uwa. Ta kuma ce kada in daina yi masa Hausa, harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana.

Da suka tambayi su wa yake gani kullum, hawaye suka zo mini. A Gombe gida cike yake, kowa zai ɗauke shi ya yi masa wasa. A nan daga ni sai babansa mai aikin dare. Na ambaci Hajiya, suka sa ta a takardar: kiran bidiyo da safe, ta nuna masa kaji tana kiran sunansu.

Duk wata shida ake sake duba tsarin. Aƙalla kwana 90 kafin ya cika shekara 3 za a zauna a tsara shigarsa makaranta, kuma na roƙa a kira Hajiya a zaman.