Kwanan watan da na rufe da babban yatsa

Ranar Lahadi ɗan ƙanwata ya ɗauke ni a motarsa zuwa Bodinga gaisuwar rasuwa. Muna tafe na buɗe akwatin gaban mota ina neman tsumman goge tabarau, sai lasisinsa na tuƙi ya faɗo mini a cinya. Na duba, wata bakwai ke nan da mutuwarsa. Na ce, "Kai, wannan fa?" Ko rage wuta bai yi ba, ya ce, "Haba Kawu, ai ba mai duba kwanan wata, hoto kawai ake kallo."

Har muka isa ban ƙara cewa uffan ba, don maganata ce na ji a bakinsa.

Lokacin ina jan Golf tsakanin Sakkwato da Illela, nawa ya yi wata goma sha ɗaya a mace. Ba mantuwa ba ce, na sani sarai. In an tsayar da ni a shinge, sai in miƙa shi ta taga, babban yatsana a kan kwanan watan, ina gaisuwa ina "Yallaɓai, ya aiki". Hujjata kuwa? Na haura shekara ashirin a kan sitiyari ban taɓa buge ko akuya ba. Kati ne ke tuƙi ko hannu? Ga kuɗin makarantar yara, ga taya, ga mai motar na jiran balas kowace yamma. Wuni ɗaya a layin sabuntawa yana nufin tukunya ba ta hau murhu ba. Har yau in na tuna, wani sashe na zuciyata yana cewa ban yi wani mugun abu ba.

Sai ranar da wani ɗan kabu-kabu ya faɗo mini titi daga wani lungu kusa da Kware. Na taka birki har warin taya ya cika motar, amma ƙafarsa ta karye. Fasinjojina duka sun shaida shi ya shigo. A ofishin 'yan sanda jami'in ya saurare su yana gyaɗa kai, sannan ya ce in ba shi lasisi. Wannan karon a kan tebur ya ajiye shi, ba yatsan da zai rufe komai. Daga nan magana ta tashi daga "wa ya shigo wa wani" ta koma "me ya ɗora ka kan titi tun farko".

A idon doka, lasisin da ya mutu tamkar babu ne. Tarar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke yankawa kan wannan laifi a lokacin naira 10,000 ce, kuma ita ce mafi sauƙi cikin abin da ya same ni. Kamfanin inshora ya nuna mini sharaɗin da ban taɓa karantawa ba, cewa sai direba na da lasisi mai rai za su biya. Ko sisi ba su bayar ba. Mota ta yi sati uku a tsare, mai ita ya karɓe makullinsa, na sayar da filina na Mabera na yi wa yaron jinya. Na ce ba laifina ba ne, kuma har gobe haka nake cewa. Amma ni na cire wa kaina bakin faɗin hakan.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ku yaranmu, amma me zan ce? Kuna da kuɗin data kullum, kuna tuƙi waya a kunne, ba ku da wuni ɗaya na gyara takarda. Ranar da lasisi ya mutu, ku ajiye mota. To, na san mai iyali ba ya iya ajiye mota, ni ma ban iya ba. Ku fita neman abinci, amma gobe da sassafe ku je ku sabunta shi. Ana yin na shekara 3 ko na 5, in da hali ku yi na 5. Ku je da ƙafarku a ɗauki hotonku da zanen yatsunku, kada ku miƙa wa ɗan tsakiya kuɗi a tasha ya kawo muku jabu. In an ba ku na wucin gadi kafin katin ya fito, shi ma yana da ranar mutuwa, ku dube ta.

Da muka dawo daga Bodinga ban mayar masa da katin ba, yana aljihuna. Na ce masa Litinin ƙarfe takwas ya zo ya ɗauke ni a adaidaita, tare za mu je.