Asabar: ƙarfen faskare ya iso gida

Yau dai abin nan ya tashi, wanda na dame ku da labarinsa tun kafin sanyi ya shigo, har Maman Halifa ta raɗa masa suna "sai wata Asabar". Da hantsi na ɗauro shi a bayan babur daga shagon Oga mai walda, na sauke a tsakar gida, yara suka yanyame shi tun ban kwance igiya ba.

Ga waɗanda ba su ga hoton ba: gindinsa tsohon rim ne na mota da na tsinto a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. An kafa rodi biyu masu kauri a kai, a tsakaninsu guntun sifirin na mota da aka wasa, bakinsa na kallon sama, can bisa kuma zoben ƙarfe. Za ka zura icce ta cikin zoben ya zauna a kan bakin, ka ɗauke hannunka, ka sakar masa guduma ta sama. Kaifin yana nan inda yake, iccen ne ke sauka a kansa. Dabarar ba tawa ba ce. Wata yarinya ce 'yar New Zealand, Ayla Hutchinson, ta ƙirƙiro irinsa tana da shekara 13, bayan mahaifiyarta ta yanke a yatsa wajen faskare. Nata na ƙarfen zubi ne, namu na jari-bola.

Sifirin ɗin ne ya ja mana lokaci. Irin wannan ƙarfe ba ya son a afka masa da walda yana sanyi, in ya huce da sauri sai ya tsage a gefen ɗinkin. Oga ya ce sai an gasa shi tukuna, a yi waldar da zafinsa, a binne shi a toka ya kwana. Ya kuma hana a wasa bakin ya yi kaifin wuƙa, wai icce buɗa shi ake yi. Ga rashin wuta, wannan kun sani.

Tun da kilon gas ya haye naira 1,000 muka mayar da wake da tuwo da ruwan wanka kan murhu, gas sai shayin safe. To itace ya zama abin lissafi a gidan nan.

Na kafa doka kafin kowa ya taɓa guduma: takalmi a ƙafa, mutum ɗaya a wurin, mai jiran layi ya tsaya bayan turmi, kuma ba a bugu sai na ga hannu biyu a kan ƙota. Halifa ya fara da reshen darbejiyar da muka sare da damina. Bugu biyu ta rabe, ya juyo yana dubana wai ko na gani. Ummi kuwa gudumar ta so ta fi ƙarfinta. Ta riƙe ta can kusa da kai, ta turo harshe waje, tana ƙwanƙwasa a hankali, iccen na nutsewa kaɗan-kaɗan, har ya ce ƙas ya faɗi gefe biyu. Ihun da ta yi sai da Maman Halifa ta fito da ludayi a hannu. Auta aka ba aikin kwasa. Yana kai wa madafi ɗaya-ɗaya, in ya ga dama ya dawo da wanda ya kai.

Muna cikin haka, bayan la'asar, sai ga sallamar Baba Maigatari. Asabar ce, ranarsa ce.

Ya shigo da gatarin a kafaɗa yadda ya saba, ƙotar nan ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda hannu, wuyanta ɗaure da robar tayar keke. Yara suka durƙusa suka gaishe shi. Ya amsa, amma idonsa na kan tulin da ke jikin bango. Rabin abin da yakan faskara mana ke nan, an riga an gama.

"Malam, sabon ma'aikaci aka ɗauka?"

"A'a Baba, wasan yara ne kawai."

Ya jingine gatarin, ya tsuguna, ya shafa bakin ƙarfen da babban yatsa, ya girgiza rodin ya ji ko yana motsi. Ya karɓi gudumar hannun Halifa ya gwada da kansa. Ya daɗe yana juya ɓarin iccen a hannu.

"Wanda ya yi waldar nan ya san aiki," in ji shi. "Amma na ƙirare ne. Ina gumagumai?"

Na nuna masa na marken nan da suka fi wata a bayan ɗaki, waɗanda ko zoben ba za su shiga ba. Ya mirgino ɗaya, ya kira Halifa. "Zo nan jikana. Kafin ka ɗaga hannu, duba kan iccen. Ka ga tsagar nan? Ita za ka bi. Babba ba a fara shi ta tsakiya, ta gefe ake ɓantararsa. Wannan kuma gaɓa ce, ka bar ta sai ƙarshe." Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga, ya sauke da wannan "hah" ɗin nasa. Marke fa, wanda ni in na sara gatari ke dawo mini. Kafin a kira magariba ya gama da su, yara na tsaye bayan turmi ba wanda ya ce uffan.

Na ba shi abin da na saba ba shi. Ya ƙirga, ya ɗago ya dube ni, ya sa a aljihu. Mu duka mun san aikin yau bai kai haka ba. Ya saɓa gatarinsa, har ya kai zaure sai ya juyo yana dariya.

"Malam, don Allah kada ka nuna wa mutanen layin nan."

Na yi dariya ni ma, na ce haba Baba.

Tun ɗazu maganar nan ke cina. Da wasa ya faɗa, na sani, har da haƙoran goronsa a waje. Amma gida nawa ne suka rage masa a layin? Masu sayar da itace yanzu da yawa faskararre suke kawowa a kura, an ɗaure ƙulli-ƙulli. Masu hali suna kan gas, wasu sun koma gawayi. Mutumin nan tun Halifa na goye yake shigowa gidan nan, ban taɓa tambayarsa ko yana da wata sana'ar ba. Ni kuma abin da ke raina da na je Panteka shi ne yaran nan su san cewa tuwo ba daga tukunya yake farawa ba, su kuma yi aikin ba tare da na riƙe numfashi ba. Hakan ya samu. Ummi har ta ce gobe ita ce farko. Ban ga laifin ƙarfen ba, ban kuma ga yadda za a yi in ce wa yara su bari saboda Baba ya samu na cefane ba. Duk da haka tuwon dare bai yi mini daɗi ba, kuma da itacen Ummi aka tuƙa shi.

Sauran yini: sartse a yatsan Halifa, an cire da allura, bai yi kuka ba sai da ya ga Mamansa. Ummi ta yi bororo a tafi, tana nuna wa kowa. Wuta ta zo ta koma kafin waya ta cika.

Bayan isha'i Maman Halifa ta miƙo mini wayarta. Ashe tun da rana ta ɗauki Ummi tana bugu, ta tura zauren matan unguwa a WhatsApp. Mata biyu na neman lambar mai walda, ɗaya har tana tambayar nawa ya ci.

"Baban Halifa, in tura musu?"

Na ba ta labarin abin da Baba ya faɗa a zaure. Ta yi shiru kaɗan, ta ce Allah sarki. Sannan ta ce, "To ai Oga ma yana da iyali."

Na ce ta bari sai da safe.