Tausar Karnuka, Sana'ar da Na Fara Gani a Gindin Tsamiya

Duk wanda na gaya wa cewa tausar karnuka ce sana'ata a nan Jos, dariya yake fara yi kafin ya tambaya ko da gaske nake. Masu kirana dai yawancinsu masu karnukan gadi ne, irin su German Shepherd da Rottweiler da Boerboel na Afirka ta Kudu, wanda namijinsa kan haura kilo 60. Manyan karnuka irin waɗannan su suka fi fama da ciwon ƙugu da amosanin gaɓoɓi, ga shi kuma a gidajenmu kan siminti suke wuni cikin keji, sai dare ya yi a sake su. Da hunturu ya kama, sai a ga karen da ke tsallake katanga bara ya koma tashi da ƙyar kamar tsoho mai sanyin ƙashi.

A wurin mahaifina na fara ganin wannan aiki, ko da yake shi bai taɓa ɗaukar sa sana'a ba. Mafarauci ne, kuma duk ranar da aka dawo daga daji ba ya shiga gida sai ya zauna a gindin tsamiya ya kira karnukansa ɗaya bayan ɗaya. Yakan buɗa dagin kowanne ya cire ƙaya, sannan ya lakato man kaɗanya ya daɗe yana murza kafaɗu. Ranar da na fara gwadawa na danna da ƙarfi, karen ya yi gurnani, sai Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Kai yaro, ana sallama kafin a shiga gidan mutane." Har yau da bayan hannu nake fara taɓa kare, in bar shi ya shinshina har ya gamsu.

Dalilin daɗewar Baba a kafaɗa ban gane shi ba sai da na yi shekaru ina taimaka wa wani likitan dabbobi, abin da ba ya wuya a wannan yanki da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take tun 1924. Shi ya nuna mini cewa kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare ƙafafun gaba ne ke ɗauke da shi, kuma ba gaɓar ƙashi ce ta haɗa su da gangar jiki ba, tsoka ce kawai ke riƙe da su. Saboda haka idan ƙugu yana ciwo, karen yakan ƙara tura nauyinsa gaba, wuya da kafaɗu su ɗaure tamau kamar igiya. Shi ya sa mai gida zai nuna mini ƙafar baya da ke ɗingishi, ni kuwa ya ga na fara daga wuya.

Nakan fara da shafa mai tsawo da tafin hannu, ina bin kwanciyar gashi, har sai jiki ya ɗumama, sannan in shiga cuɗa tsokar kafaɗa da cinya a hankali, daga ƙarshe in lanƙwasa gaɓa in miƙe ta iyakar inda ta yarda. Wannan yana sa jini ya gudana sosai, tsokar da ta ƙage ta saki, zafi ya ragu, numfashi ya lafa. Kare ba ya ƙarya game da hannu: idan ya sauke ajiyar zuciya ya kwantar da kai, aiki na tafiya daidai, idan kuwa ya fara lasar leɓe yana waiwayen hannuna, to na matsa fiye da kima. Tausa ba ta mayar da gaɓar da ta ci ta zama sabuwa, kuma ina faɗa wa kowa haka tun farko. Tana dai sauƙaƙa tafiya da barci, kuma sau da yawa hannuna ne ke fara gano kaska a tsakanin yatsu ko wani ƙullutu a ƙarƙashin fata.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu kallon bidiyo biyu a waya su wayi gari sun zama gwanaye. An taɓa kirana kan wata tsohuwar German Shepherd da wani irinsu ya danne wa ƙashin baya da babban yatsa, ya shafe ta da man zafi wanda ta lashe, ya kuma ce a ba ta diclofenac, alhali wannan magani da ibuprofen suna iya ƙona cikin kare su lalata masa ƙoda. Ban taɓa ta ba ranar, asibiti na ce a kai ta. Ba a tausa idan akwai zazzaɓi, wato zafin jiki ya wuce digiri 39.5, ko karaya, ko buɗaɗɗen rauni, ko ciwon fata, ko kumburin da likita bai duba ba, kuma ni ba na durƙusawa gaban karen da ba a nuna mini katin rigakafinsa na ciwon hauka ba.

Mai wannan karyar shi ne ya taɓa ce mini, "Malam, kare ne fa, a rage mana," na ce masa, "Ranka ya daɗe, araha ba ta ado." Bayan ta fito daga asibiti shi da kansa ya aiko mai gadinsa ya kira ni. Na yi makonni ina zuwa, na sa aka shimfiɗa mata tsohon bargo a kan simintin, na kuma koya wa mai gadin yadda zai ɗumama mata kafaɗu da asuba kafin ta miƙe. Tsallen katanga kam ya wuce ta, amma yanzu da ƙafafunta take tarye ni a bakin ƙofa.