Daren da taya ta fashe a hanyar Tawa

Mun bar Yamai da hantsi, cikin watan Nuwamba. Doso, Dogon Dutsi, Konni, duk da gyangyaɗi na wuce su. Mun baro Tsarnawa ke nan mun miƙi hanyar Tawa, bayan isha'i, sai taya ta fashe. Aka sauke mu bakin daji, ba farin wata, ba fitila ko ɗaya.

Rabona da irin wannan sama tun ina yaro. Kaza da ƴaƴanta ta hau gabas, can tsakar ka kuma ga wani ɗan hazo kamar an shafa toka da yatsa. Andromeda ce. Shekaru nake koyar da ita a aji, ban taɓa ganinta da idona ba sai daren nan.

Wani dattijo Ba'adare da muka zauna kujera ɗaya ya matso. "Mi kake kallo haka, ɗana?"

Na ce, "Baba, wancan hazon gari guda ne na taurari, irin wanda ranarmu ke ciki. Hasken nan ya yi shekara wajen miliyan 2 da rabi yana tafe."

Na buɗe masa hotonta a waya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ai faifai ne."

Wallahi ban taɓa jin kwatancen da ya kai wannan ba. Faifai ne, saƙarsa ta faro daga cibiya tana naɗowa. Na ce masa hayaƙi da ƙura ne suka taru suna juyawa har suka baje, kamar babbar riga in mai rawa ya juya da ita. A cikin naɗin nan har gobe ana haihuwar sababbin taurari masu shuɗin haske. Sai na nuna masa hoton wata irinta, amma mai kamar curin fura, ba hannu ba naɗi, taurarinta tsofaffi jajaye, hayaƙin haihuwa ya kusa ƙare mata. Da yawan masu siffar curin nan faya-fayai ne da suka yi karo suka cure. Tun 1926 masanin taurari Edwin Hubble ya rarraba garuruwan taurarin nan bisa siffa, amma ni abin da ke kama zuciyata shi ne siffar tana ɗauke da labarin abin da ya faru da su. Na can farkon zamani, waɗanda na'urar hangen nesa ta James Webb ke hangowa daga sararin samaniya, da yawa ƙanana ne, gutsi-gutsi, ba su gama zama ba.

"To wannan faifan, tsaye yake?"

"A'a Baba, wajenmu ya nufo, kilomita kamar 110 kowace daƙiƙa. Mai yiwuwa bayan shekaru biliyoyi ya gamu da namu su zama curi ɗaya."

Ya yi tasbihi a hankali. Yaron mota ya buga ƙarfe, kowa ya nufi ƙofa, shi kuwa ya riƙe mini hannu ya ce in sake nuna masa wurin da kyau, yana so ya gwada wa jikarsa in ya isa gida.