Tafiretar Baba da yaran ranar Asabar

Shagona a Zariya yake, ba nisa da kotu, aikinmu buga takardu ne, takardar rantsuwa, yarjejeniyar haya, ta cinikin fili, sai hotokwafi. Kwamfuta biyu gare ni da firinta, amma a kusurwa akwai tafiretar Baba ƙirar Olympia, Allah ya jiƙansa, kuma har gobe tana aiki. In aka ɗauke wuta kuma ba mai a janareta ita nake jawowa, mai takarda ya karɓi abinsa ya wuce.

Baba a bakin gidan waya ya yi sana'arsa ta buga wa mutane wasiƙa tun zamanin hukumar waya ta P&T, kafin a raba ta a 1985 a fitar da NIPOST da NITEL. Tebur ɗaya, benci, ambulan da kan sarki a cikin gwangwani. Matar da mijinta ya tafi Legas neman kuɗi, dattijon da ɗansa ke aikin soja, duk wurinsa suke zuwa su zauna su faɗi abin da ke ransu, shi kuma ba ya taɓa maɓalli sai mutum ya gama, wani ma sai ya yi kuka tukuna. Sannan ya fara, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ya kammala ya karanta wa mai ita, in da kalmar da ta yi zafi ya tambaya ko a sassauta. Ban taɓa jin ya kawo maganar wani gida ba wallahi, ko Inna ba ta ji. Abin da na gada ke nan, yau ma wanda ya zo buga takardar gado sirrin gidansu yake miƙo min.

Injin ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, to sai an zare takardar a bi da biro a yi musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Ni ke yin wannan ina ɗan firamare.

Da wayar salula ta shigo a 2001 wasiƙar gaisuwa ta yi ta ja baya, muka koma takardun kotu da na neman aiki. Kayan gyara ma sun yi wuya, kamfanin Godrej na Indiya ya daina ƙera tafireta a 2009, ribon ɗin kuwa in ya bushe ni nake sake jiƙa shi da tawada, yatsu su yi baƙi kwana biyu.

Kwanaki 'yata ta nuna min a waya yadda matasa a Amurka da Ingila suke haɗuwa suna rubuta wasiƙa da hannu ko da tafireta, wasu har biya suke duk wata a aiko musu. Ban yi mamaki ba fa, mu nan ai mun san ƙungiyoyin masu sauraron rediyo da katin zaɓi sonka. Ana haka sai wani malamin makaranta ya zo buga sanarwar gasar rubuta wasiƙa ta yara da hukumar gidajen waya ta duniya, UPU, ke shiryawa tun 1971, ya ce ɗalibansa ko adireshi ba su iya ɗorawa a ambulan ba. Na ce turo min su ranar Asabar da hantsi, ba ko sisi.

Yanzu benci cika yake. Da hannu suke fara rubutawa, wanda tasa ta yi kyau shi zai hau Olympia, kuma rububinta suke saboda ƙararrawar nan da take bugawa a ƙarshen layi. Ranar farko wani yaro a bayan ambulan ya manna kan sarki. Wata yarinya ta rubuta wa kakarta a Funtuwa, amsa ta dawo da ajami, ta kasa karantawa sai da muka kira mai shayin gefenmu ya karanta mata a tsaye, butarsa na tafasa. Ta ce sati mai zuwa da ajamin za ta mayar, shi ma ya yarda zai koya mata in an rage ciniki.